Ta'aziyyar 'Yar Bur Sa'id, Wadda Nahawu Ya Yi Ajalinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da falo mai cike da shiru, ni Ustaz Rif'at Shirbini, tsohon malamin nahawu a wata makarantar 'yan mata da ke nan Dumyat, a madadin kaina da mai ɗakina Atiyyat, Ummu Hazim, nake sanar da dangi da maƙwabta da abokan shan shayi rasuwar na'urarmu ta kallon faifan dibidi, wadda duk unguwa ta sani da suna 'Yar Bur Sa'id. Rai ya yi halinsa ranar Talata bayan la'asar, a kan teburinta da ke ƙarƙashin talabijin, bayan jinyar shekara biyu. Ta rasu tana da shekara ashirin da ɗaya, wanda a lissafin irinsu tsufa ne tukuf. Na je wurin limamin masallacinmu in tambayi kalmomin da suka halatta a faɗa a kan na'ura, ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce in koma gida in sha magani in kwanta. Saboda haka addu'o'in da aka tanadar wa 'yan Adam na bar wa 'yan Adam. Ita kuwa abin da zan iya yi mata shi ne in faɗi gaskiya a kanta, har da gaskiyar da ba ta yi mini daɗi ba.

Marigayiyar ta shigo gidan nan lulluɓe cikin bargo, a kafaɗar ƙanen mai ɗakina, Usta Lutfi kafinta (Usta laƙabin masu sana'a ne a nan), daga kasuwar kayan waje ta garin Bur Sa'id. Yadda ta tsallake shingen kwastan ba tambayar gidan makoki ba ce. Ba mu san iyayenta ba, domin tambarin da ke goshinta ya ɓamɓare tun satin farko, takardar da ta zo da ita kuma da wani harshe aka rubuta ta, wanda ko ni ban gane ta ina ake fara karanta shi ba. Mun karɓe ta a haka, ita ma ta karɓe mu a haka.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da rashin zaɓen abinci. Faifan kanti mai kwali, faifan bakin titi da aka rubuta sunansa da alƙalami, faifan da ya sha ƙarzuwa a jakar 'yan aro, duk ɗaya ne a wurinta. Ka taɓa maɓallinta ta ce ziiiii, ta miƙo harshe. Ka ɗora mata faifai ta ce tak, ta haɗiye. Sannan kirr, kirr, kirr, irin gyaran muryar dattijon da ya san za a saurare shi, sai hoto ya fito. Ta nuna bikin ɗanmu Hazim sau sittin da wani abu ba ta taɓa yin hamma ba, alhali ni tun a kallo na uku nake barci. Ta jure ɗaukewar wuta, ta jure laimar teku da ke cinye ƙarfe a garin nan, ta jure kofin shayin da ya kife mata a ka, ta kuma ba wani kyankyaso masauki tsawon hunturu guda ba tare da ta kai ƙara ba. Mai rufin asiri ce. Akwai wani faifai a gidan nan da aka rubuta wa'azi a bayansa alhali wasan ƙwallo ne a ciki, kuma har ta koma ga masu ita ba ta faɗa wa kowa ba.

Kafin in zo kan ciwon ajalinta, dole in faɗi halin da gidan yake ciki. Shekara shida ke nan da kunnuwan Ummu Hazim suka tafi. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita sati biyu, da ya tashi tafiya sai ya tafi da su. Bakinta dai, alhamdu lillahi, bai je ko'ina ba. Ita takan yi magana, ni in amsa mata a rubuce a bayan ganyen kalandar da muke yaga kowace safiya. Takan ce tun da muka yi aure ba ta taɓa samun kwanciyar hankali irin wannan ba, tunda yanzu in na cika surutu sai ta kife takardar. Na san zolaya ce. Na kuma san akwai ranakun da takan zauna a baranda tana bin bakin masu wucewa da kallo, ni kuma in rasa abin rubutawa.

Ana nan sai Usta Lutfi ya tsinci wani tsohon kaset ɗin bidiyo a bayan aljihun wani kabad da ya zo farfasawa. Shi ya ɗauka da kyamarar aro ranar farko ta azumin 1996, ya ajiye, ya manta, kamar yadda yake manta komai ban da lokacin cin abinci. Minti arba'in da bakwai ne na buɗe-baki a gidan surukata Hajja Nabawiyya, Allah ya ji ƙanta, wadda ta bar mu shekara goma sha biyu da suka wuce. Ga ta nan a kan tebur, ga agwagi biyu cike da albasa kamar yadda ake yi ranar farko, ga sauran 'ya'yanta mata uku, Fikriyya da ƙannenta, kowace da bakinta a buɗe. Atiyyat ba ta cikin hoton sai can wajen ƙarshe, domin tana kicin. Ba wanda ya taɓa kallon kaset ɗin, kuma sai da ya jira ta daina ji sannan ya fito.

Na kai shi shagon Usta Gabir mai gyaran rediyo da talabijin. Ya juye mini shi a kwamfuta, ya nuna mini yadda ake sa rubutu a ƙasan hoto irin na finafinan waje, sannan a buga a faifai. Da na rubuta wa Ummu Hazim abin da nake shirin yi, ta riƙe ganyen kalandar ta daɗe tana dubansa.

"Duk abin da ta ce za ka rubuta?"

Na gyaɗa kai.

"Duka, Abu Hazim, kada ka tsince min. Abu ɗaya na riƙe na ranar nan. Na fito daga kicin da tiren shinkafa, gumi har cikin ido, ta dube ni a gaban kowa ta ce, 'Sai yanzu?' Har yau da ba na jin komai, wannan ina jin sa. Ina so in san me ta ce a kaina kafin in fito."

Na yi mata alkawari, na sa abin saurare a kunne, na zauna wata huɗu.

A nan ya kamata mai karatu ya san da wa yake tare. Shekara talatin da huɗu na yi ina koya wa 'yan mata cewa Larabcin kasuwa na baki ne, ba ya hawa takarda, kuma hannuna bai taɓa saɓa wa wannan ba, ko da a jerin cefane. Hajja Nabawiyya kuwa ba ta taɓa shiga aji ba. Larabcinta na bakin kogi ne, gajere, mai kaifi, da ɗan ƙarnin kifi. Sai na ga ya dace in yi mata sutura kafin in fito da ita gaban jama'a. Inda ta ce wa Lutfi, "Kai, kau da abin nan daga fuskata ka zo ka ci," ni na rubuta, "Ya kai ɗana, kawar da na'urarka daga gabana, ka kusanto zuwa ga akushi tun zafinsa bai gushe ba." Inda ta ce "Miƙo gishiri," ya zama layi biyu. Sannan na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya na sa wa kowanne wasalinsa, na bisa da na ƙasa, da rufu'a da ɗauri da shadda, ban bar ko guda tsirara ba. Da yake kuma a gidan su mai ɗakina ba a jiran wani ya rufe baki kafin a buɗe nasa, duk inda mutum huɗu suka yi magana tare, na rubuta huɗun tare, saboda amana.

Ranar kallon farko Ummu Hazim ta sa gilashinta ta matso da kujera. Ba a yi minti biyar ba ta fara dariya har da riƙe ciki.

"Abu Hazim, ka mai da uwata mai karanta labaran ƙarfe tara. Bari dai, fuskar tata ce."

A minti na talatin da ɗaya ciwon ya bayyana. Nan ne Fikriyya da ƙannenta suka kaure da gardama a kan wadda ta ƙona albasa, Hajja kuma ta ɗaga yatsa, ta nuna ƙofar kicin, ta buɗe baki. Marigayiyar ta ce tsit, tsit, tsit, hoton ya ƙame. Na danna gaba, na danna baya, na danna tsaya, ba ta amsa ko ɗaya ba, sai da na zare wayarta daga bango. Na mayar, muka sake daga farko, ta sake kawo mu daidai wurin ta sandare. Da yake kuma kujerata tana ɓangaren da ƙofar kicin take a hoton, yatsan surukata ni ya riƙa nunawa. Haka na zauna shekara biyu ƙarƙashin yatsan nan.

Allah ya sani ban yi sakaci da jinya ba. Na goge faifan da tsohuwar singileti, daga tsakiya zuwa baki kamar yadda masana suka ce. Na shafa masa man goge haƙora, na wanke, na shanya. Na ce ko irin faifan ne bai karɓe ta ba, na sake wani kamfani, na sake wani. Aka ce mini in rage saurin bugawa, na rage har sai da faifai ɗaya ya ɗauki tsawon dahuwar wake. Na buɗe ta na goge mata ido da auduga da turare. Na ɗora ta a kan kofunan shayi huɗu don iska ta ratsa ƙarƙashinta, na kunna mata fankar da ni kaina ba na kunna wa kaina. Faifai goma sha ɗaya na buga, sha ɗayan nan kowanne ya kawo mu minti na talatin da ɗaya ya ajiye. Sau ɗaya, ina neman afuwar masu karatu, na ɗaga hannu na mare ta a saman kai, ta ce tsit, ba ta ƙara komai ba.

Na gwada nuna wa Ummu Hazim wurin a kwamfuta. Ita kwamfutar ba ta ƙame ba, amma maganar mutum huɗu ta hau kan juna ta zama baƙin tabo guda, ba mai iya tsintar harafi. Ta sa aka kunna wa Fikriyya ta saurara, Fikriyya ta ce ita dai muryar kanta kawai ta ji, kuma tana da gaskiya a kan albasar. Lutfi ya ce yana jin maganar agwagwa ake yi. Ni kaɗai na san abin da Hajja ta ce, domin na saurari wurin ya fi sau arba'in. Sai na ɗauki ganyen kalanda na kwafe mata abin da na sa a faifan: "Ku gayyato mini ɗiyata daga ɗakin girki, domin haƙiƙa ita ce mafificiyarku wajen ɗa'a da biyayya."

Ta karanta sau biyu, ta miƙo mini.

"Uwata ta mutu ba ta san akwai wata kalma wai ita mafificiya ba. Zagina ta yi, kai kuma kana rufa min. Na gode da tausayi, amma ba shi na tambaya ba."

Na rantse mata a rubuce, har da wasali. Ta kife takardar.

Da wata takwas suka cika na naɗe marar lafiyar cikin tawul na kai ta wurin Usta Gabir. Mutum ne mai ƙarancin magana, da sigari a bayan kunne wadda ban taɓa ganin ya kunna ba. Ya haɗa ta da talabijin ɗinsa, ya bar ta ta kai wurin ta ƙame, ya zare waya ya mayar. Sannan ya ɗauki rimot ya danna wani ɗan maɓalli a can gefe wanda ban taɓa taɓawa ba, rubutuna ya ɓace daga ƙasan hoton. Muka tsaya muna kallo. Minti na talatin da ɗaya ya zo, ya wuce sumul, Hajja ta sauke yatsanta.

"Ustaz, yarinyar nan lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Rubutunka ne ya fi ƙarfinta."

"Rubutuna ba shi da kuskure ko ɗaya, Usta."

"Ban ce da kuskure ba, cewa na yi da nauyi. A cikin faifai rubutu ba rubutu ba ne, hoto ne ake ɗora wa hoto. Kowane layi kaya ne, ta ɗauka, ta sauke, ta ɗauki na gaba. Kai ka ba ta mutum huɗu lokaci guda, kowa da sahu uku, kowane harafi da hula da takalmi, kuma ba ta sauke wannan ba ka ɗora mata wancan. A garin nan ko mai amalanke ya san ba a ɗora kabad huɗu a tafiya ɗaya."

"To me kake so in yi?"

"Layi ɗaya, mutum ɗaya, gajere. Ka bar mata numfashi tsakanin layi da layi. Ka cire ɗige-ɗigen nan. Tsohuwar nan da nake ji, kalma biyar take yi ta gama. Rubuta biyar ɗin."

"Shekara talatin da huɗu ina koyar da nahawu."

"Na sani, Ustaz. Matata ɗalibarka ce. Har yau tsoron rubuta min saƙo take yi."

Na naɗe marar lafiyata na fito ban yi masa sallama ba, kuma fiye da shekara guda ina zagayawa ta layin masu fenti don kada in bi ta gaban shagonsa. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni na hau nawa na kafa kujera. Na ci gaba da gaya wa baƙi cewa kayan Bur Sa'id ba su da ƙarko. Duk ranar Juma'a Ummu Hazim takan ce a sa mata uwarta, mu kalli rabin awa, marigayiyar ta ƙame, in zare waya. Kowace ƙamewa tana cin wani abu a jikinta. Kirr ɗinta ya yi tsawo, ya koma kamar tari. Harshenta ya fara maƙalewa, sai an taimaka masa da wuƙar man shanu. Ina gani, ina cewa tsufa ne.

Watan jiya likitan ido ya duba Ummu Hazim ya ce ciwon sukari ya fara taɓa idon, za a yi abin da za a iya, amma kada a sa rai da karanta rubutu nan gaba. Na rubuta mata rabin abin da ya ce. Ita kuwa ta riga ta karanta sauran a fuskarsa. Muna cikin bas a hanyar dawowa ta yi magana, da ƙarfi yadda take yi ba ta sani ba, har direba ya waiwayo.

"An ce gani ya kori ji. Ni ji ya kori kansa, ga gani yana haɗa kaya. Abu Hazim, in kana da abin nuna min, nuna min tun da sauran mai kallo."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma sanarwar rasuwa ba wurin kare kai ba ce. Taurin kaina gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai wata kalma a bakin Hajja cikin wannan minti da na ji tun ranar farko, na zauna da ita wuni guda, na ji tsoron in sa ta gaban matata. Na ga za ta yi mata ciwo. Nahawu ya ba ni inuwar fakewa, na shige, na bar wata baiwar Allah mai waya uku ta ɗauki laifin. Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba.

Kwana tara na yi ina sake aikin. Karo na farko a rayuwata na rubuta magana yadda ake faɗarta, ina waiwaye ko wata tsohuwar ɗalibata na leƙe. Na tuɓe wa haruffan wasalinsu. Na mayar wa Hajja gishirinta kalma biyu. Duk inda aka yi magana tare, na bar bakin uwa na rufe na 'ya'ya. Shekara sittin da shida ba a samu wanda ya sa Fikriyya ta yi shiru ba, ni na yi da maɓalli ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa. Sannan na bi ta gaban shagon Usta Gabir na yi masa sallama. Ya amsa kamar jiya muka rabu.

Ranar Talata bayan azahar na kawo faifai na goma sha biyu. Marigayiyar ta ƙi buɗe baki sai da wuƙa, ta karɓa a hankali, ta yi kirr mai tsawon da na fara fid da rai, sannan hoto ya fito. Wannan karon Ummu Hazim ba ta yi dariya ba. Ta matso har gwiwarta na taɓa teburin, leɓɓanta na bin rubutun, lokaci lokaci ta ce, "Haka take cewa," ko "Ita ce wannan." Da muka kai minti na talatin da ɗaya, Hajja ta ɗaga yatsa, marigayiyar ta ce tsit sau ɗaya. Sai ta ja numfashi ta wuce, layukan suka fito ɗaya bayan ɗaya.

"Ku kira min Tiyya ta bar kicin ɗin nan."

"Ba na sa komai a baki sai ta zauna."

"Duk cikinku ita kaɗai ke ji na."

Tiyya sunan da uwarta kaɗai ke kiranta da shi ne, na cire shi a da saboda babu shi a ƙamus. Kalmar da na ji wa tsoro kuwa ita ce ta ƙarshen nan, ji, a gaban wadda ta daina ji. Na kasa duban matata, na tsura wa kafet ido.

"Mayar," in ji ta.

Na mayar. Ta ce in ƙara, na ƙara, har sau uku, kuma sau ukun nan marar lafiyar ta ɗauke mu ta tsallakar ba ƙorafi. Daga nan muka bar faifan ya tafi. Ba wadda ta tashi ta kira kowa, gardamar albasa ta ci gaba. Minti goma sha uku muna kallon farantin Hajja, mace mai azumi tun asuba, da dabino ɗaya a cikinta, ba ta taɓa shi ba. Sai ga Atiyyat ta fito da tiren shinkafa, da ƙuruciyarta da guminta. Rubutu ya ce, "Sai yanzu?" Hajja ta jawo kujerar kusa da ita da ƙafa, ta yago ƙirjin agwagwa ta sa a farantin 'yarta, sannan ta kai lomar farko bakinta.

"Ashe jirana take yi," in ji Ummu Hazim. Ta cire gilashi ta goge da bakin mayafi, ta mayar, ta dubi talabijin ɗin. "Na ji, Mama."

Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Ita kuwa ta miƙe ta ɗauki waya ta kira Fikriyya, ta wanke ta tas tsawon minti goma a kan ƙin kiranta daga kicin da ta yi a 1996, ta ajiye. Me Fikriyya ta mayar, Allah kaɗai ya sani, kuma Ummu Hazim ta ce wannan yana cikin 'yan ribar da ta samu a rashin kunne.

Muna cikin haka faifan ya kai ƙarshe, karo na farko a gidan nan. Fuskar talabijin ta koma shuɗiya. Ba wanda ya taɓa marigayiyar, da kanta ta ce ziii, ta miƙo harshe rabi, da faifan a kai, ta mayar da amanar da aka ba ta. Koren hasken goshinta ya dushe ya mutu. Usta Gabir ya zo da kansa, ya buɗe ta, ya sa kunne, ya sa ma'auni, ya mayar da murfin.

"Ta gama, Ustaz."

"Me ya kashe ta?"

"Tsufa za mu rubuta, saboda mutuncinka."

Na gode masa, amma ga shi na rubuta gaskiya a sama.

Marigayiyar ta rasu ta bar rimot guda, ɗaure da roba, wanda lamba bakwai ɗinsa ta daɗe da shanyewa, yanzu yana kwance a hannun kujera ba shi da wanda zai umarta. Ta bar waya mai kai uku, ja da fari da rawaya, waɗanda har yau ban san wanne ke shiga ina ba sai na gwada. Ta bar abokin zamanta talabijin, wanda ya ɗauki rashin da dauriya har ya koma nuna labarai a ranar. Ta bar mayafinta na saƙar kwarashi, aikin hannun Ummu Hazim. Ta bar faya-fayai goma sha ɗaya masu cikakken wasali, shida suna rataye a baranda suna korar tattabaru, biyar ana ɗora musu kofin shayi, kuma a nan ne nahawuna ya fara amfanar jama'a. Yayarta, na'urar kaset, ta riga ta tafiya da shekara goma sha biyar. Hazim ya bugo daga Kuwait ya ce zai aiko da sabuwa, uwarsa ta ce ya aiko amma ba gaggawa, ta riga ta haddace faifan.

Za a yi mata sutura da mayafinta, a sa ta a akwatin da Usta Lutfi ya ƙera da ragowar katakon gadon wata amarya, wanda ya yi wa sassaƙar furanni duk da na ce kada ya yi. Za a ɗauke ta daga falo ranar Alhamis bayan la'asar zuwa makwancinta a saman kabad ɗin ɗakin baƙi, kusa da akwatunan tafiya. Usta Gabir ya nemi a ba shi injin cikinta ko zai rayar da wata, iyali sun amince, sadaka ce. Za a zauna karɓar gaisuwa a gida, hawa na uku, sama da shagon mai fentin kujeru, daga la'asar zuwa magariba. Akwai gahawa ba sukari kamar yadda aka saba. Ana roƙon Fikriyya ta zo, an yafe mata rabi.

Masu zuwa kada su wahalar da kansu da ɗaga murya. An ajiye littafi da alƙalami a bakin ƙofa, kowa ya rubuta gaisuwarsa da manyan haruffa, gajeriya, yadda zai faɗe ta da bakinsa. Mai gidan ya yi alkawari a gaban shaidu ba zai gyara wa kowa ko harafi ɗaya ba. A miƙa wa uwargida, za ta ji.